Jigo Ɗaya, Hanya Biyu: Waƙa da Labari a Karatun Yaranmu

Jawabin da aka gabatar a zaman ilimi na taron shekara-shekara



 

Kwamitin shirya taro ya ɗora mana nauyin mu ce wani abu game da karatun yara. Da muka zauna muka duba, sai muka ga fagen yana da faɗi ƙwarai, ba a iya ratsa shi cikin ɗan lokacin da aka yanka mana. Don haka muka taƙaita a kan abu guda, wato waƙoƙi da labaran Hausa da aka karantar da mu muna yara: me ya haɗa su, a ina suka rabu, kuma me yaro zai ƙaru da shi idan aka ajiye masa waƙa da labari gefe da gefe aka ce ya kwatanta. Muna neman afuwar malaman adabi da ke cikin wannan zaure idan muka yi musu shisshigi a gonarsu.

Abin da ya kai mu ga wannan zaɓi ba ɓoyayye ba ne. Da yawa daga cikinmu a firamaren garinmu muka fara riƙe littafin Hausa, wani lokaci mutum uku ko huɗu a kan littafi ɗaya. Yau 'ya'yanmu suna tashi a Legas da Abuja da Fatakwal da Kaduna, wasu ma a ƙasashen waje. Suna jin Hausa, suna gaishe mu da ita, amma ka miƙa wa ɗayansu shafi guda ka ce ya karanta, sai ka ga yana ta tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ. Yaron da bai iya karanta shafi guda ba, ba shi da hanyar sanin Alhaji Imam ko Shaihu Umar, balle ya ji abin da Mu'azu Haɗeja ya faɗa game da haƙƙin iyaye. Irin wannan rashi ba ya fitowa a takardar sakamakon jarrabawa. Sai yaro ya girma ake gane bai san abin da gida ke bin sa ba.

Mene ne jigo?

Duk wanda ya taɓa shiga lambu a fadama ya san jigo, wato dogon icen nan da ake ɗaura wa guga a gefe ɗaya, a ɗaura nauyi a ɗaya gefen, a riƙa ɗebo ruwa da shi. Haka kuma mutumin da al'amari ya dogara a kansa mukan ce shi ne jigon abin. A fagen adabi, masana suna kiran babban saƙon da waƙa ko labari yake ɗauke da shi jigo, wato abin da marubuci yake so ya zauna a zuciyar mai karatu bayan ya rufe littafi. Sunayen mutane da na garuruwa suna iya sakewa, a maye Sarki da attajiri, a maye raƙumi da mota, jigon yana nan yadda yake. Shi ya sa ake iya samun jigo ɗaya a tatsuniyar da tsohuwa ta yi a tsakar gida da kuma waƙar da malami ya rubuta a zaurensa, alhali ba su taɓa haɗuwa ba.

Yana da kyau mu tuna inda waɗannan littattafai suka fito. Tatsuniya ta daɗe a bakin iyayenmu mata kafin a fara tattara ta a takarda. Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyin Hausa cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, daga baya kuma marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littattafai shida domin 'yan makaranta. Rubutacciyar waƙa ita ma ta riga boko, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, sun karantar da jama'a da waƙoƙin ajami. Ƙagaggen labari na boko kuwa ya samo asali ne daga gasar da Dokta R. M. East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya a 1933. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Littafi na farko na Magana Jari Ce ya fito a 1937. A shekarun 1950 kuma aka shiga buga waƙoƙin su Mu'azu Haɗeja da Sa'adu Zungur da Na'ibi Sulaimanu Wali cikin boko. Yawancin waɗannan marubuta malaman makaranta ne, sun san yaro, sun san abin da ke riƙe hankalinsa.

Za mu ɗauki jigogi uku mu ga yadda labari ya bi da kowane, da yadda waƙa ta bi da shi.

Fita nema da komowa gida

Mu fara da tatsuniyar da kusan kowa a nan ya ji daga bakin kakarsa, wato ta 'yar Bora da 'yar Mowa. An ɗora wa 'yar Bora laifin da ba nata ba, aka kore ta ta je ta wanko shimfiɗa a ruwan Bagaja. A hanya ta gamu da abubuwan al'ajabi iri-iri, ta gaida kowa cikin ladabi, ba ta yi wa kowa dariya ba, ba ta taɓa abin da ba a ba ta ba. Ta komo gida da dukiya da daraja. 'Yar Mowa ta ga haka ta bi sawunta, amma da rashin kunya da kwaɗayi, sai ta komo da abin kunya. Hanya ɗaya suka bi, ruwa ɗaya suka je, halin da kowace ta tafi da shi ne ya raba sakamakonsu.

Abubakar Imam ya ɗauki sunan wannan ruwa ya sa wa littafinsa na farko. Jarumin littafin, Alhaji Imam, ya bar Kwantagora ne saboda an muzanta Liman, mijin mahaifiyarsa, a gaban fada, don ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan Sarki. Ya yi shekara da shekaru yana yawo gari-gari, yana karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya ci wancan, gobe a rama. Abin lura shi ne labarin bai ƙare a inda ya sami ruwan ba. Sai da ya komo gida da shi, aka warkar da mara lafiya, aka wanke wanda aka muzanta.

Idan muka juya ga waƙa, za mu tarar da wannan jigo a waƙoƙin neman ilimi. Mu'azu Haɗeja, wanda malamin makaranta ne, ya yi waƙar Ilmin Zamani yana kiran jama'a su tashi su nemi sani. Alhaji Aƙilu Aliyu, mutumin Jega, mai littafin Fasaha Aƙiliya da aka buga a 1977, ya yi waƙar Kadaura Babbar Inuwa inda ya kamanta ilimi da wannan babban itace. A cikin waɗannan waƙoƙi babu jarumin da za a bi gari-gari, babu Zurƙe, babu aljanu. Mawaƙin yana fuskantar mai sauraro kai tsaye yana gaya masa abin da ya kamata ya yi. Amma a namu gani saƙon ya haɗu da na labarin, domin inuwa ba mai itacen kaɗai ke shan ta ba, kamar yadda Alhaji Imam bai ɗebo ruwan don ya sha shi kaɗai ba. Sa'adu Zungur kuma, a waƙarsa ta Maraba da Soja, ya tsaya ne a bakin ƙofa tare da masu tarye, yana marabtar sojojinmu da suka komo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Wato shi ya duba tafiyar daga wajen waɗanda aka bari a gida suna jira.

Yaron da aka karanta wa waɗannan duka aka tambaye shi me ya haɗa su, da kansa zai gano cewa a wurin Bahaushe tafiya ba ta cika sai an komo da abin da zai amfani waɗanda aka baro. Mu da muka fita nema, kowa ya san irin ruwan Bagajar da ya fita ɗebowa, ya kuma san ko ya kawo shi gida ko har yanzu yana hanya.

Haƙƙin iyaye

Jigo na biyu ya fi fitowa fili a Shaihu Umar. Umar maraya ne, mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi a Kagara. Mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafaden Sarki, mahassada suka ƙulla masa sharri aka kore shi daga gari. Cikin wannan ruɗani aka sace Umar yana ƙarami, ya bi ta hannu-hannu har Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi zuwa Ber Kufa. Can ya yi karatu ya zama babban malami. Ita kuwa mahaifiyar ba ta zauna ba. Ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta aka mai da ita baiwa, aka kai ta Murzuk, ta sha wahalar da ba ta misaltuwa. Sun sadu a ƙarshe a Tarabulus, amma ciwo da wahala sun riga sun cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu. Umar ya komo ƙasar Hausa ya zauna a Rauta yana karantarwa.

A ɓangaren waƙa muna da Birrul Walidaini ta Mu'azu Haɗeja, wadda sunanta ma da Larabci yake nufin kyautata wa iyaye. Waƙar tana bayyana haƙƙin iyaye a kan 'ya'ya, tana gargaɗi ga mai saɓa musu. Muna kuma da Imfiraji ta Dokta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, wadda take tunatar da mutum cewa duniya ba matabbata ba ce, rai kuma ba ya jiran kowa ya shirya.

A nan ne ake ganin amfanin haɗa su biyun. Waƙar tana gaya wa yaro cewa uwa tana da haƙƙi a kansa, yana iya haddace ta, ya rera ta a gaban aji, ya ci maki. Amma bai san nauyin wannan haƙƙi ba sai ya bi matar nan ta cikin rairayin hamada, ya ga abin da ta jure saboda ɗa guda. Haka kuma yaron da ya karanta labarin kaɗai yana iya yin kuka ya share hawaye, bayan wata biyu ya manta, domin ba a haddace shafi hamsin. Baiti kuwa, saboda amo da kari, yakan zauna a ka har tsufa. Akwai dattawa a wannan zaure da ba za su iya tuna sunan garin da aka kai mahaifiyar Umar ba, amma in aka ɗauko musu farkon baitin Imfiraji za su ƙarasa shi.

Akwai kuma abin da Tafawa Ɓalewa ya yi wanda ya kamata mu manya mu tsaya a kansa. Bai bar Umar ya sami damar rama wa mahaifiyarsa ko kaɗan daga abin da ta yi masa ba. Ilimi ya samu, daraja ta samu, amma lokacin da aka sadu ya riga ya ƙure. Umar dai ba shi da laifi, sace shi aka yi. Mu kuwa da ƙafarmu muka tafi, kuma mota tana zuwa garinmu kullum. Duk da haka nawa ne daga cikinmu suke ta ɗaga zuwa gida daga wannan salla zuwa waccan, har ranar da waya za ta yi ƙara da asuba? 'Ya'yanmu suna kallon yadda muke yi da namu iyayen, kuma wannan karatu ya fi na littafi shiga.

Gaskiya da cika alkawari

Jigo na uku zai ɗan fitar da mu daga ƙasar Hausa, domin Abubakar Imam da kansa ya fita. Sananne ne cewa ya ɗebo da yawa daga labaran Magana Jari Ce daga littattafan wasu al'ummu, kamar Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu Jamusawa masu suna Grimm suka tattara, ya sa musu riga da hula irin namu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Labarin Sarkin Busa, wanda tushensa wani tsohon labari ne na garin Hamelin da ke bakin kogin Weser a ƙasar Jamus.

Tsofaffin rubuce-rubucen can sun ambaci cewa a shekarar 1284 wani mai busa ya fita da yara 130 daga garin, ba a sake ganinsu ba. Bayan ƙarnoni aka ƙara wa labarin zancen ɓeraye. Yadda ya shahara shi ne ɓeraye sun addabi gari, wani baƙo ya ce zai raba su da su idan za a biya shi, manyan gari suka yi alkawari. Ya yi busa, ɓeraye suka bi shi suka hallaka a kogi. Da bukata ta biya sai manyan gari suka hana shi ladansa. Ya sake busa, wannan karon yaran garin suka bi shi. 'Yan'uwan nan Grimm sun buga labarin a zube a 1816. A 1842 kuma mawaƙin Ingila Robert Browning ya mai da shi waƙa domin wani yaro ɗan abokinsa da ke kwance ba lafiya, ya rufe ta da yi wa yaron nasiha a kan cika alkawari. Ga labari ɗaya ya zama zube a Jamusanci, ya zama waƙa a Turanci, ya zama hira a bakin aku da Hausa, jigonsa bai motsa ba. Mu ma a nan mun daɗe da cewa alkawari kaya ne.

Wannan labari yana tafiya daidai da waƙar Mu'azu Haɗeja mai suna Gaskiya Ba Ta Sake Gashi. Waƙar tana ɗaukaka gaskiya tana kushe saɓaninta. Labarin kuma yana nuna abin da waƙa ba ta cika tsayawa a kansa ba, wato wanda yake biyan bashin ƙarya. Manyan gari ne suka saɓa alkawari, amma yara aka tafi da su. Idan aka tambayi yaro ɗan shekara goma ko an yi wa yaran Hamelin adalci, za a sha mamakin irin muhawarar da za ta tashi a falo.

Mu manya kuma akwai tambayar da labarin yake yi mana. Kowane zamani yana da masu busarsa. A namu zamanin busar tana fitowa daga wayar hannu da talabijin da intanet, da harsunan da ba namu ba, kuma tana da daɗin ji. Ba mu zo nan don mu la'anci waɗannan na'urori ba, da su muke aiki, da su muke gaisawa da gida. Abin da muke cewa shi ne garin da bai biya abin da yaransa ke bin sa na hira da karatu da lokaci ba, kada ya yi mamaki idan ya waiwaya ya tarar sun bi wani.

Inda waƙa da labari suka rabu

Kada mu bar ku da zaton cewa kullum bakinsu ɗaya. Kwatance na gaskiya yana duba bambanci kamar yadda yake duba kama. Waƙoƙin gargaɗi ba su san sassauci ba: gaskiya fara ce, ƙarya baƙa ce. Labari kuwa yakan bar ƙofa a buɗe. Gizo maƙaryaci ne, makwaɗaici, amma shi yara suka fi so a tatsuniya, kuma ba kullum yake shan kashi ba. Shi kansa Alhaji Imam, wanda muka yaba ɗazu, ya yi damfara da yaudara iri-iri a hanyarsa, shi da Malam Zurƙe, mai karatu yana ta dariya. Yaro mai kaifin hankali zai tambaya: in ƙarya ba ta da kyau kamar yadda waƙa ta ce, don me wanda ya yi ta ya ci nasara?

Wannan tambaya ba abin tsoro ba ce, ita ce ma ribar karatun. A nan uba ko uwa za su zauna da yaro su rarrabe masa tsakanin dabarar da mai rauni yake kare kansa da ita daga mai ƙarfi, da zaluncin da ake yi wa wanda bai ji ba bai gani ba. Za su nuna masa cewa abin dariya a littafi ba lallai ne ya zama abin koyi ba, su kuma tambaye shi ko zai so a yi masa abin da aka yi wa mutanen da Alhaji ya damfara. Yaron da aka ba waƙa kaɗai yana iya tashi da zaton duk mai laifi a take yake gamuwa da sakamakonsa, ranar da ya ga maƙaryaci ya hau kujera sai ya rikice. Wanda aka ba labari kaɗai kuma yana iya ɗaukar wayo a matsayin addini. Haɗa su ne yake ba shi ma'auni.

Abubakar Imam ya san ƙarfin labari, har ya gina littafi na farko na Magana Jari Ce a kansa. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma yana ƙulla yadda yaron zai fita a hallaka shi. Umurnin uba da tsaron bayi ba su isa su kwantar da hankalin Musa ba. Aku ne ya riƙe shi dare bayan dare da labari, har Sarki ya komo. A littafi na uku kuma akun nan ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Wato Imam bai tsaya ga nuna cewa labari yana tsare yaro ba, ya nuna cewa uba ne ya kamata ya miƙa wa ɗansa wannan gado.

Yadda za a yi a gida

Abin da muke ba da shawara ba ya bukatar digiri, ba ya kuma bukatar kuɗi mai yawa. A ware dare ɗaya a mako, ko da rabin sa'a ne bayan sallar isha'i ko bayan cin abinci, a ajiye wayoyi, har da ta maigida. A fara da labari, domin shi ke jawo yaro. Idan bai iya karanta Hausa ba, a karanta masa, a riƙa ba shi layi ɗaya ko biyu yana gwadawa. Bayan nan a ɗauko waƙar da ta dace da labarin a rera ta da murya, domin waƙar Hausa don kunne aka yi ta, karanta ta shiru kamar cin tuwo ne ba miya. Daga nan sai tambayoyi: me labarin yake so mu gane, me waƙar take so mu gane, a ina suka yarda da juna, a ina suka saɓa, wanne ya fi shiga ransa kuma don me. Kada a yi saurin gyara masa amsa. A bar shi ya kawo hujja daga abin da ya ji.

A kuma lura da shekaru. Ƙananan yara tatsuniya ta ishe su, tare da waƙoƙin da ke cikinta da na dandali. Waɗanda suka kai tsakiyar firamare za su ji daɗin Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, kuma Waƙar Damina ta Na'ibi Wali za ta nuna wa ɗan birni abin da saukar ruwa yake nufi ga manomi, a haɗa masa ita da kowane labari na noma. Shaihu Umar a jinkirta shi sai yaro ya shiga sakandare, domin yana ɗauke da zancen bauta da cinikin bayi, wanda yake bukatar bayani daga babba. Akwai fim ɗinsa da Adamu Halilu ya shirya a 1976, ana iya kallonsa bayan an gama littafin a sake wani kwatancen. Haka nan a littafin Mu'azu Haɗeja akwai waƙoƙi irin su Giya da Karuwa waɗanda suka fi dacewa da matasa. Uba ya fara karanta abu kafin ya miƙa wa ɗansa.

Kada kuma a manta da tsofaffinmu da ke gida. Idan an karanta tatsuniya a littafi, a buga wa kaka waya a ce ta faɗi yadda ita ta san ta. Sau da yawa za a tarar tata ta bambanta da ta littafin, wani wuri ma ta fi daɗi. Yaro ya sami abu na uku da zai kwatanta, tsohuwa kuma ta san ana bukatarta.

Kammalawa

Mai girma shugaba, muna roƙon abu biyu daga wannan taro. Na farko, kowane reshe ya ɗauki nauyin sayen waɗannan littattafai, waɗanda ake samun da yawansu a shagunan littattafai na Kano da Zariya da Kaduna, a raba biyu: kashi ɗaya ga makarantun firamare na gida, kashi ɗaya ya riƙa zagayawa tsakanin iyalan reshen. Na biyu, a taron baɗi a ware sa'a ɗaya ta yara, a zaɓi labari ɗaya da waƙa ɗaya tun yanzu, 'ya'yanmu na birni da na gida su zauna a tabarma ɗaya su gaya mana abin da suka gano. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wasu daga cikin yaran da muke magana a kansu baɗi war haka sun shiga sakandare.

Malaman da suka rubuta mana waɗannan littattafai sun yi nasu, da yawansu ma da fitilar ƙwai suka yi shi. Iyayenmu mata da suka yi mana tatsuniya bayan sun wuni suna daka da surfe su ma sun yi nasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya, ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke abin da ke kanmu.